Irin Kuɓewar Inna da Ɗakin Roba

Ranar sunan jikata ta biyu na ji Sadik yana ba baƙi labari a bayan gida, yana nuna musu ɗakunan ajiya guda biyu da ke tsaye a jikin shinge, ɗaya na roba, ɗaya na katako. Da Turancinsa yake zubawa, amma ai ina ji. Wai Babansu ne ya taɓa barin irin kuɓewarsa ya ruɓe don bai busar da shi sosai ba, shi ne ya huce haushinsa da gina ɗaki na biyu. Baƙi suna ta dariya, Babanku yana zaune a kujera yana taya su, har da gyaɗa kai. Ni kuwa ina riƙe da farantin waina, na ji kamar in dire shi in gyara zancen nan take, sai na ga ba wurinsa ba ne. Shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan, ke Ummi, da kai Sadik, da ke Nana. Labarin da kuka girma da shi ba haka yake ba. Babanku bai bar komai ya ruɓe ba. Ni ce.

Ku fara sanin ko wane iri ne ake magana a kai. Kakarku ta wajen uba, wadda kowa ke kira Inna, a wani ƙauye take a ƙasar Katsina, tana kuma da wata kuɓewa da take shukawa a bayan ɗakinta, gajeriya, mai kauri, jikinta da ɗan ja-ja. Yauƙinta kuwa, in ka ɗaga ludayi sai ka sa hannu ka tsinke. Da Babanku zai taho ƙasar nan ba ta da abin da za ta ba shi, sai ta ɗinka 'yar jaka da guntun saƙi, ta zuba masa irin a ciki, ta ce duk inda ya sauka ya nemi ƙasa ya tona. Bai sake ganinta ba, yana nan ta rasu. Lokacin da aka kawo ni unguwar Harlem, a nan New York, na tarar da shi yana shuka irin nan a bokitan fenti, a kan benen ƙarfen nan na bayan taga da aka yi don gudun gobara. Mai kula da ginin ya yi faɗa har ya gaji. Kowace shekara Babanku zai zaɓi mafi kyawun 'ya'yan ya bar su su bushe a jikin kara, ya tsinke, ya zuba a jakar, ya rataye. A can gida ƙannensa tuni suka koma sayen irin kanti, ba wanda ya riƙe na Inna. Ke nan duk duniya, gwargwadon saninmu, a jakar nan kaɗai ya rage.

Ni kuma 'yar birni ce, a Fagge aka haife ni, gidanmu 'yan kasuwa ne kaka da kakanni, ban taɓa riƙe fartanya ba. Amma akwai abu ɗaya da nake taƙama da shi, wato ajiya. Tun ina yarinya na ga yadda mahaifiyata ke adana wake: a zuba a jarka har baki, a sa leda, a murɗe murfi, a toshe ko'ina kada iska ta shiga. Shekara guda zai yi, ba ƙwaro ko ɗaya. Da wannan ilimin na zo New York, da shi nake ajiye kayan miyar da nake sayarwa a ɗan shagona, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. A wurina iska ita ce ɓarauniya, duk abin da kake so ya daɗe, to ka hana shi ganinta.

Da Allah ya buɗa mana muka samu ɗan gidan nan na Staten Island, a kan tudu idan ka haura daga Tompkinsville, Babanku bai ko leƙa ɗakunan kwana ba ranar da muka zo gani. Kai tsaye ya wuce bayan gida, ya durƙusa, ya damƙi ƙasa yana murzawa. Filin bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, amma sai ka ce gandu aka ba shi. Abin da ba mu sani ba shi ne danshin wurin. Ruwa ne ya kewaye mu ta ko'ina. Da safe hazo yakan taso daga bakin teku har ba ka ganin gidan maƙwabci, sai dai ka ji jirgin ruwa yana busa ƙaho a ƙasa. Burodi kwana uku ya yi fumfuna, takalmin da aka manta a ɗakin ƙasa ya yi kore. Kayan gonarsa kuwa suka cika mini lungu: fartanya, shebur, tiyo, buhun taki, bokitai. Ranar da na yi tuntuɓe da shebur ina ɗauke da tukunyar miya na ce wallahi ba za ta saɓu ba, a nemo wa kayan nan ɗakinsu a waje. Ku kuna ce masa shed, Babanku tun daga ranar yake ce masa rumbu.

Wata Asabar muka tafi babban kantin kayan gini, ni da shi. An jera ɗakunan a fili, wasu na katako, wasu na roba. Babanku ya nufi na katako, ya shiga, ya shaƙi ƙamshinsa, ya ƙwanƙwasa bango. Ni na tsaya jikin na roba, fari tas, mai ƙofa biyu, ana iya wanke shi da tiyo.

"Hajiya, wannan za mu ɗauka," in ji shi. "Katako yana numfashi."

"Numfashi kuma? Malam, rago za mu ɗaure a ciki?"

"Iri za mu rataye. Iri abu ne mai rai."

"To gara fa? Ka manta ƙofar gidanmu ta Fagge, yadda suka cinye ta har sai da ta faɗo wa Yaya a ƙafa? Ga ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa. Shekara biyu ka ga katakon nan ya zama tuwo."

Wani dattijo mai aiki a kantin ya zo ya same mu muna ja-in-ja, ya yi mana bayani tsakani da Allah. Ya ce a wuri mai danshi irin namu kowanne da halinsa. Na katako sai an ɗaga shi daga ƙasa, kuma sai ana yi masa fenti bayan shekara biyu ko uku, in ba haka ba ta ƙasa yake fara ruɓewa. Na roba ba ya ruɓewa, ba ya son fenti, ba ruwansa da ƙwaro, amma yana gumi ta ciki idan rana ta buge shi sanyi ya biyo baya, don haka kada a kuskura a toshe 'yan ramukan iskar da ke samansa. Ina ji da kunnena ya faɗi duka biyun. Amma kun san uwarku. Na ɗauki rabin farko na rungume, rabi na biyu na bar masa a kantin.

"Ka ji ko? Ba ya ruɓewa. Wa zai riƙa yi maka fenti, kai da kake wuni a tasi?"

Babanku ya sake duban na katakon, ya shafa jikinsa sau ɗaya, ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Haka muka dawo da na roba. Ya haɗa shi a yini guda, na tsaya ina miƙa masa kusoshi ina jin daɗin na yi nasara.

Shekarar nan kuɓewa ta yi kyau ƙwarai, don karon farko ke nan da ta samu ƙasa ta gaske ba bokiti ba. Muka ci, muka kai wa mutanen masallaci, har wata 'yar Gana maƙwabciyarmu ta ce rabonta da irin wannan yauƙin tun tana Kumasi. Cikin Oktoba sai aka bugo waya cewa yayan Babanku ba shi da lafiya, jiki ya yi tsanani. Dole ya tafi gida, kuma tafiyar wata biyu ce. Ana gobe zai tashi ya tsinke 'ya'yan da ya bari don iri, ya zuba a jakar Inna, ya rataye a ƙugiya cikin ɗakin roban. Ya kira ni ya nuna mini wani dutse da ya tokare ƙofar da shi.

"Ki bar ƙofar nan a ɗan buɗe, kamar faɗin tafin hannu. Ba su gama bushewa ba. Shi ke nan abin da nake roƙonki."

"Haba Malam, sai ka ce yarinya kake bar wa gida. Je ka abinka."

Bai yi sati da tafiya ba aka tsuge da ruwa, kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Ran na huɗu da safe ina wanke-wanke, na ɗaga kai ta taga sai na ga kurege ya fito ta ƙofar nan da wani abu a bakinsa, ya haye shinge yana kallona. Kai, raina ya ɓaci! Na ce wato mutumin nan ya bar amanar uwarsa a hannun kurege da ruwan sama, sannan a ce mu mata ba mu san komai ba. Na fita cikin yayyafi na sauko da jakar, na juye a faranti, na zauna a kicin na ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Na ji ɓawon da ɗan laushi a hannuna, amma ban kawo komai a raina ba. Na wanke jarkar man gyaɗa, na goge, na zuba irin, na sa leda, na murɗe murfi, na naɗe da salatif. Sannan na hau kujera na bi ramukan iskar nan guda huɗu na liƙe su tsaf, na ajiye jarkar a kan kanta, na jefar da dutsen, na ja ƙofa na datse da kwaɗo. Ranar ma aiki ya yi mini yawa, don ina cikin shirya durum ɗin kayan da muke aika wa dangi gida duk shekara, wanda ke tsaye a ɗakin baƙi muna cika shi kaɗan-kaɗan. Jakar saƙin kuwa, tunda ta zama wofi, ban ma kula da inda na yi da ita ba. Idan ya bugo waya ya ce, "Ƙofar fa?" sai in ce, "Komai lafiya, na gyara maka." Kuma har ga Allah na ɗauka gyaran na yi.

Cikin Disamba ya dawo, yayansa ya samu sauƙi. Da hantsi ya iso, ko ruwa bai sha ba ya leƙa taga, ya hango kwaɗo a ƙofar. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na miƙa masa mukulli ina murmushi, ina jiran yabo. Na bi shi a baya har wurin. Yana buɗewa wani wari mai sanyi ya buso mu. Rufin ɗakin duk ɗigon ruwa ne a rataye, bango yana naso, fartanyarsa ta yi ja da tsatsa, buhun taki ya jiƙe. Ya ɗauko jarkar, ya warware salatif ɗin a hankali, ya buɗe, ya karkata ta a tafin hannunsa. Ba abin da ya zubo. Sai da ya bubbuga gindinta sannan wani dunƙule ya faɗo, baƙi, lulluɓe da farin gashi. Ya kifa bokiti ya zauna a kai yana kallon hannunsa. A nan kuka fito ku uku kuna murnar Baba ya dawo, Nana ta toshe hanci ta tambaya da Turanci me ya faru.

"Irin ne ya lalace," in ji shi. "Ni ne ban busar da shi sosai ba."

Ku dubi Allah, ku dubi wannan magana. Ƙofa ya buɗe mini in faɗi gaskiya, ko aƙalla in yi shiru. Amma da kuka koma ciki sai na ɗaure fuska na hau zagin garin: wane irin gari ne wannan da ko iri ba zai ajiyu ba, masu yin ɗakin nan mayaudara ne, dama kuregen ya riga ya taɓa shi. Ya bar ni na gama tas. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Jakar fa?"

"Wannan tsumman? Ni ina na sani."

Ya tashi ya hau kujera ya ɓamɓare salatif ɗin daga ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya dunƙule, ya kai shara.

Da faɗa ya yi mini da na ji sauƙi, don ni faɗa ba ya ba ni tsoro, na iya shi. Amma Babanku ya ci gaba da fita tasinsa, ya dawo ya ci tuwona ya ce an gode, ya tambaye ni kasuwa. Sai dai ya daina tsayawa a tagar kicin yana lissafin inda zai ja kunya idan sanyi ya wuce. Ya bugo wa ƙannensa, aka bi tsofaffin matan ƙauyen gida-gida ana tambaya ko akwai mai irin Inna, ba a samu ba. Cikin Maris ya baje dunƙulen nan a jarida, ya tsince waɗanda suke da ɗan kama da iri, ya jiƙa, ya shuka a kiret ɗin ƙwai, ya jera a bakin taga. Sati uku yana yayyafa musu ruwa. Ni ma idan ya fita sai in lallaɓa in duƙa in ƙura wa ƙasar ido, har da tona gefe da tsinken sakace. Ko ɗaya bai tsiro ba. Ranar da ya kwashe kiret ɗin ya juye a bayan gida, wani abokinsa na masallaci ya kawo masa irin kuɓewa na kanti a 'yar takarda. Ya karɓa ya yi godiya, ya sa a aljihu, ya ce da ni, "Bana sai dai tumatir." A ranar na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka sosai. Na fito na wanke fuska, amma duk da haka ban ce masa ka yi haƙuri ba. Girman kai ciwo ne, 'ya'yana, kuma na yi fama da shi.

Cikin Mayu durum ya cika. Malam Sani, mutumin Maraɗi da ke tattara kayan mutane yana kai wa jirgi, ya ce zai zo ranar Talata da hantsi. Ya zo da motarsa, ya rufe durum ɗin, ya ɗaure bakinsa, ya rubuta suna, ya mirgino shi har bakin ƙofa. Sai na tuna akwai wata kwalbar turare da ƙanwata ta roƙa, na ce ya ɗan dakata in naɗe ta ya tafi da ita a hannu. Na yagi tsohon ɗankwali na fara naɗewa. Ina cikin naɗewar nan hannuna ya tsaya cak. Na taɓa yin wannan. Na taɓa naɗe kwalba haka, da wani ƙyalle mai kauri, mai kaushi, ranar da ake ruwa.

"Malam Sani, tsaya! Buɗe durum ɗin nan."

"Hajiya, mi ya faru? Na riga na ɗamre, mutane huɗu na jirana a Bronx."

"Su jira. Buɗe."

"Wallahi Hajiya in an zazzage shi ba ya komawa yadda yake, ke ma kin sani."

"In bai koma ba ka tafi ka bar shi sai baɗi. Buɗe, don girman Allah!"

Ya buɗe yana gunaguni. Na zuba hannu ina fitarwa ina jefarwa a falo: takalma, sabulai, man shafawa, rigunan sanyi, jakunkunan makaranta. Da hannuna ya daina kaiwa na ce ya kwantar da durum ɗin, na rarrafa na shige har kugu, ni da girmana. Can kusa da gindi na ji kaushin saƙi. Na jawo kwalbar da na naɗe ranar ruwan nan, na warware, ga jakar Inna, a bushe ƙayau, don hunturu guda ta yi a ɗakin da hita ke aiki. Na zazzage ta, ba komai. Na juya cikinta waje, ba komai. Har na sake ta a cinyata, sai yatsana ya bi ta kalmasar ɗinkin gindin, na ji wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri. Na ce wa Malam Sani ya miƙo rezar da yake yanka igiya da ita. Na farke ɗinkin a hankali a kan faranti, suka gangaro ɗaya-ɗaya, masu launin toka, lafiyayyu. Na ƙirga sau uku. Goma sha ɗaya.

"Hajiya, don wannan kika tsai da ni?" in ji Malam Sani. Sai kuma ya duƙa ya duba da kyau, ya ɗaga kai. "Kai, iri ne? To madalla. Ni ma ɗan manomi ne. Zan dawo Alhamis."

Ban buga wa Babanku waya ba. Na bar falon a hargitse na fita bayan gida na zauna a kan bokitin nan da ya zauna a kai, irin yana damƙe a hannuna har tafina ya fara gumi, sai na tsorata na mayar da shi cikin jakar. Bayan la'asar ya dawo, ya ratsa ta cikin takalma da sabulai ya fito yana tambayar ko lafiya. Na miƙe. Na ce masa:

"Malam, ni ce na toshe ɗakin. Ni ce na ɓare su ba su bushe ba. Ka ce in bar ƙofa, na ƙi. Ka yafe mini."

"Ai na sani, Hajiya. Wa ke naɗe salatif sau bakwai in ba ke ba?"

"To don me ka ce wa yara kai ne?"

"Uwarsu ce ke. Kuma gyara kika yi niyya."

Sai na miƙa masa jakar. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai ta hancinsa, ya ɗauka ita kaɗai ce na samo, har ya fara yi mini godiya. Na ce ya buɗe. Ya juye a tafinsa, ya tsaya yana kallo, leɓensa yana motsi yana ƙirgawa. Shekarun da muka yi tare ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko lokacin rasuwar Inna a ɓoye ya yi nasa. Ya goge da hannun riga ya ce, "Ɗebo ruwa mai ɗumi a kofi. Lokaci bai wuce ba."

Cikin sha ɗayan nan huɗu suka tsiro. Katantanwa ta cinye ɗaya tun yana ganye biyu, saura uku. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba na zama mai gadin gona: na kewaye su da ɓawon ƙwai, na kafa musu raga, kuregen nan kuwa ya sha jifa da silifa har ya san ni. Shekarar ba wanda ya ɗanɗana kuɓewar, ko ɗaya ba a tsinka ba, duk aka bar su don iri. Kuna ta mita kuna cewa me ya sa Mama ke sayo kuɓewa a kanti ga ta a bayan gida. Kuma ni ce, ba Babanku ba, na ce a koma kantin nan a sayo katako. Ya ce ba sai an yi ba, ramukan roban ma sun isa idan ba a toshe ba. Na ce a'a, irin Inna ba zai sake kwana a roba ba ina raye. Shi ya gina shi da hannunsa, ya ɗora shi a kan bulo yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu, iska tana bi ta ƙarƙashi, ya bar rata tsakanin bango da rufi. Na ce fenti kuma nawa ne. Shi ya sa kuke ganina duk bayan shekara biyu da tsohon zane da buroshi, kuna dariya kuna ɗaukata hoto kuna cewa Mama ta samu sabuwar sana'a.

Kada ku ce na tsani ɗakin roba, don ba zan yi masa ƙarya ba. Yana nan tsaye yadda aka kafa shi, bai taɓa neman komai a wurinmu ba sai wanki. Kekunanku, kujerun taro, tiyo, bokitai, duk a ciki suke, kuma tunda aka bar masa ramukansa guminsa ya ragu. Na katakon kuwa sai da lallashi: shekaran jiya ma Babanku ya canza masa katako ɗaya na kusurwa da ruwa ya ci. Idan wata rana kun yi naku gidan a wuri mai danshi kuna shawarar wanne za ku saya, ku fara tambayar kanku me za ku ajiye. Abin da ruwa ba ya yi wa komai, roba ta ishe shi. Abin da yake da rai ko yake tsoron danshi, ku nema masa inda iska ke ratsawa. Dattijon kantin nan ya faɗa mana duk wannan tun ranar farko, kyauta.

Yanzu mun tsufa, Babanku ya ajiye tasi, ni ma shagon sai jefi-jefi. Alhamdulillahi, ba abin da muka nema muka rasa. Irin Inna ya bazu, akwai shi a Queens, akwai shi a bokitan wasu a Harlem, har an mayar da shi ƙauyen da ya fito, matar ƙanensa tana shukawa a bayan ɗaki. Na ɗinke jakar saƙin inda na farke, tana rataye a ƙugiyarta. Kusa da ita akwai wasu guda uku da na ɗinka da zanen aurena, kowace da sunan ɗayanku a jiki, duk kaka Babanku yana sabunta irin da ke ciki ko kun karɓa ko ba ku karɓa ba. Ranar da kuka shirya, ku zo ku ɗauka.

Ɗazu na karanta masa abin da na rubuta. Yana zaune a bakin ɗakin katakon yana ɓare kuɓewa a faranti, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

"Kin tona wa kanki asiri a banza," ya ce. "Yara sun riga sun saba da nawa labarin."

"Su saba da na gaskiya."

"To ki gyara wuri ɗaya. Sau tara kika naɗe salatif ɗin, ba bakwai ba. Ragi na yi miki."

Na ce ba zan gyara ba, ya je ya rubuta nasa littafin. Hadari ya taso daga wajen teku, muka kwashe faranti muka shiga ciki. Har na kai bakin kicin sai na juya na koma, kamar yadda nake yi kullum tun daga waccan shekarar. Na duba dutsen da ke tokare da ƙofar ɗakin katakon, yana nan a wurinsa, na sa tafin hannuna na auna ƙofar.